Ɗan Wane, Jikan Wane: Gado da Waƙa Tsakanin Maradun, Bakura da Mafara

Duk wanda ya taso tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun, da wuya ka duba wayarsa ka rasa waƙar Musa Ɗanƙwairo ko ta Sa'idu Faru. Yawancinmu ba saye muka yi ba. Wajen masu tura waƙa a kasuwa aka zuba mana su cikin memori, ko kuwa aboki ya turo ta WhatsApp. Fayilolin ba su ɗauke da wani bayani. Wata an rubuta mata sunan mawaƙin da lamba, wata "tsohuwa" kawai aka sa mata. Babu shekara, babu sunan wanda aka yi wa.

Da yake rubuta manhajar kwamfuta ce sana'armu, wata rana muka ce bari mu tsara su. Muka buɗe jadawali mai gida huɗu: mawaƙi, wanda aka yi wa waƙa, garinsa, shekara. Ba mu kai waƙa ta goma ba aikin ya cije. Abubakar nawa ne suka yi sarauta a ƙasar Sakkwato? Aliyu nawa? Muhammadu fa? Suna kaɗai ba ya rarrabe mutum. Abin da ke rarrabe shi shi ne abin da mawaƙin ke faɗa bayan sunan: ɗan wane, jikan wane, na gidan wane. Dole muka ƙara gida biyu, na uba da na kaka. Ashe tsofaffin nan sun riga mu warware matsalar da kowane mai gina ma'ajiyar bayanai ya sani, wato yadda za ka tabbatar wannan Abubakar ba wancan ba ne. A waƙar fada ta wannan yanki, mutum bai cika mutum ba sai an jera magabatansa a bayansa.

Shi kansa mai jera sunayen ɗan wani ne. An haifi Musa Ɗanƙwairo a Ɗankadu ta ƙasar Bakura wajen 1909, amma duniya da Maradun ta san shi, domin can gidansu ke yi wa Sarkin Ƙaya kiɗa. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kakansa ma makaɗi ne. Kayan kiɗansu kotso, gangar nan mai baki ɗaya da ake ratayawa a kafaɗa a kaɗa da hannu. Musa bai zauna ya zaɓi waƙa kamar yadda muke zaɓar kwas a jami'a ba. Ya buɗe ido ya ga kotso a ɗakinsu, ya shiga sahun 'yan amshi tun muryarsa ba ta buɗe ba, ya bi ubansa gona-gona wajen kiɗan noma kafin a kai ga fada. Da uban ya bar aiki, jagoranci bai faɗo hannun Musa ba, domin akwai wansa Abdu Kurna a gabansa. Shekaru ya yi a bayan Kurna kafin ya tsaya da ƙafarsa. Haka gado yake, yana ba ka sana'a ya kuma ba ka layi, ka jira.

Wani abin sha'awa shi ne sunan da ya yi fice da shi ba na ubansa ba ne. Masu nazarin tarihinsa sun ruwaito cewa akwai wani Ƙwairo a cikin mutanen mahaifinsa, mai zaƙin murya, da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Wato mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tabbatar wa sarakuna jininsu, shi da murya aka ba shi uba. Muna ganin wannan ya kamata ya sa mu yi hattara da fassara gado da jini kaɗai. A gidan makaɗa, wanda ka zauna kusa da shi kana amshi shi ma yana bar maka wani abu.

Hausawa sun raba masu sana'a gida biyu, ɗan gado da ɗan haye. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ɗan haye ne. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, kuma duk wanda ya saurari Shata zai ji mutum ne da ke gabatar da kansa da ƙarfin basirarsa, ya yi wa direba, ya yi wa attajiri, ya yi wa sarki, ya wuce. Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru daban suke tsayuwa. Idan suka yi wa kansu kirari a tsakiyar waƙa, gidan da suka fito suke kafa hujja da shi. Sai dai kada mu yi wa abin ado fiye da kima. Masanin nan M. G. Smith, da ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1950, ya rubuta cewa a ma'aunin daraja na Hausawan lokacin, makaɗa da maroƙa na cikin sahun ƙasa. Ba sai mun karanta Bature ba ma, mun ji a bakin iyayenmu yadda ake jan ƙafa idan ɗan makaɗa ya zo neman aure. Sarki zai ba makaɗinsa doki da riga da kujerar Makka, amma 'yarsa sai ɗan sarki. Gadon da ya buɗe wa Ɗanƙwairo ƙofar fada shi ne kuma ya nuna masa inda zai tsaya idan ya shiga.

Daga Maradun ya yi zama a Tsafe wajen 'Yandoto Aliyu, sannan a zamanin siyasar NPC ya zama makaɗin Sardauna Ahmadu Bello. Nan ma aikin bai sauya ba. Sardauna Firimiya ne da ƙuri'a ta ɗora, amma abin da waƙa ke nanata masa shi ne tsatson Shehu Usmanu da Muhammadu Bello. Shi ma haka ya ɗauki kansa: littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962 da zancen gidansu ya soma. Ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938 bai samu ba, aka naɗa Abubakar na Uku. Idan ka san wannan, sai ka ji waƙoƙin da wani kunne. Ambaton kakanni a wurin mutumin da gadon sarauta ya kuɓuce masa ba ado ba ne, tunatarwa ce cewa shi ma ɗan gida ne.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne tsakanin Sa'idu Faru da Muhammadu Macciɗo, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

Faru gari ne a ƙasar Maradun, kuma sunan ba baƙo ba ne a tarihi, domin littattafan jihadi sun ambace shi cikin wuraren da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a shekaru kusan biyar da ya yi yana wa'azi a Zamfara, tun kafin a ɗaga tuta a 1804. A nan aka haifi Sa'idu cikin shekarun 1930. Mahaifinsa Abubakar makaɗin kotso ne, shi ma tun yana yaro ya bi shi. Ubangidansa na farko Sarkin Yamman Faru Ibrahim ne. Amma wanda sunansa ya manne da nasa har abada shi ne Macciɗo, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda aka ba sarautar Sarkin Kudu aka tura shi riƙon ƙasar Talata Mafara a farkon shekarun 1950.

A lura da yanayin. Macciɗo ba ɗan gidan sarautar Mafara ba ne. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai da aka kawo daga Sakkwato, aka ɗora a kan ƙasar da ke da nata sarakunan da nata tarihin. Zamfara kuwa ƙasa ce da ba ta manta asali. Tun da Gobirawa ƙarƙashin Babari suka ci Birnin Zamfara cikin shekarun 1760 suka gina Alƙalawa, sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura daga gari zuwa gari kafin su tabbata a Anka, kowane gida ya riƙe salsalarsa gam, domin idan birni ya faɗi ita kaɗai ake iya ɗauka a gudu da ita. Har yau sarautun da kansu tarihi ne: Sarkin Mafara, Sarkin Ɓurmin Bakura, Sarkin Ƙayan Maradun, kowace tana nuni da wasu mutane ko wani tsohon mazauni. A irin wannan ƙasa, baƙon hakimi yana buƙatar wanda zai gaya wa jama'a, da harshensu da kiɗansu, ko shi wane ne. Sa'idu Faru ya yi wannan aiki. Waƙa bayan waƙa yana ɗaura Macciɗo a jikin Abubakar, ya ɗaura Abubakar a jikin Mu'azu wanda ya yi sarautar Sarkin Musulmi daga 1877 zuwa 1881, ya kai ga Bello, ya kai ga Shehu.

Amma 'ya'yan Bello da jikokinsa suna da yawa, kuma kowane reshe yana da mai jiran gado. Saboda haka waƙar fada ba ta tsaya ga yabo, tana tafe da zambo da habaici. Wanda ake yi wa zambon sau da yawa ba bare ba ne, ɗan'uwa ne, wani ɗan sarki da ke hangen kujerar nan. Ba a kiran sunansa, sai a siffanta tafiyarsa ko rowarsa ko rawaninsa, duk fada ta gane. Jini ɗaya, kaka ɗaya, amma waƙa ta mai da ɗaya zaki ta mai da ɗaya abin dariya. Wannan ya nuna mana cewa mawaƙin ba karanta salsala kawai yake yi ba, zaɓe yake yi a cikinta. Yana ɗaukar reshe guda ya haska shi har sauran su shiga duhu. Ko a manhaja haka ne, bayanai suna nan jibge, amma tambayar da ka aika ita ke yanke abin da zai fito a allo.

Sa'idu Faru, wanda ya laƙaba wa kansa Malamin Waƙa, ya shafe shekaru yana yi wa ubangidansa fatan gadon mahaifinsa. Ya rasu a 1987. Shekara guda bayan haka Abubakar na Uku ya rasu bayan shekara 50 a kan gado, gwamnatin Babangida ta tabbatar da Ibrahim Dasuƙi, na reshen Buhari ɗan Shehu, aka yi tarzoma a Sakkwato har aka rasa rayuka. Sai a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, aka naɗa Macciɗo Sarkin Musulmi, ya riƙe har rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Abuja a watan Oktoba na 2006. Makaɗin bai ga ranar naɗin ba. Amma mutanen da suka cika titi a 1988 sun taso ne da waƙoƙinsa a rediyo da kaset. Ba za mu ce waƙa ce ta fito da su ba, dalilan suna da yawa. Abin da muke cewa shi ne, kafin ranar ta zo, an daɗe da rera musu wane ne magaji har abin ya zauna a kunne.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A ƙasar Mande, dangin Kuyate su ne mawaƙan gado na sarakunan Keita, kuma daga bakin ɗaya daga cikinsu Djibril Tamsir Niane na Gini ya ɗauko labarin Sunjata da ya buga a 1960. Alex Haley, baƙar fatar Amurka, da ya tashi neman asalinsa, wajen irin wannan mai riƙon tarihi ya je a ƙauyen Jufure na Gambiya, ya dawo ya rubuta Roots a 1976. Daga baya masana suka nuna shakku a kan labarin da aka ba shi, suna ganin an faɗa masa abin da ya zo yana son ji ne. Wanda ya san makaɗan fada ba zai yi mamaki ba. Salsalar da ke bakin mawaƙi gaskiya ce da aka gyara wa zama domin mai biya.

To, su wa ake bari a waje? Na farko uwaye. Jadawalinmu ya cika da uba da kaka, gidan uwa kuwa kusan fayau yake, sai jefi-jefi. Na biyu waɗanda aka yanke wa salsala da ƙarfi. Rubutaccen adabinmu ya taɓo wannan tun farkonsa. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya, almajirai ne ke tambayar malaminsu asalinsa, sai amsar ta zama labarin yaron da aka sace, ya tashi a hannun Balarabe, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. A can fada uba ke ba mutum suna. A littafin Ɓalewa uwa ce kaɗai ta riƙe igiyar, kuma ba ta da makaɗi.

Na uku su ne manoma, kuma nasu labarin a ƙofar gidanmu ya faru. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Maradun, domin noman rani a filayen da ke tsakanin Mafara da Bakura. Ruwa ya taru ya shanye ƙauyuka da fadamu, aka kwashe dubban mutane aka tsugunar da su a kan tudu inda ƙasa ba ta kai wadda suka bari ba. A ƙasan madatsar kuma aka sa katafila ta baje gonaki domin a shimfiɗa magudanan ruwa, aka sare itatuwa, manoma suka yi damina ba su shuka ba. Ga injiniya, fili fili ne, ana auna shi da hekta. Ga manomi kuwa, iyakar gonarsa ita ce salsalarsa. Tsamiyar can kakansa ya dasa, kukar can ita ta raba gadon ubansa da na baffansa, gefen can aka binne wane. Da aka baje ƙasar aka sake rabawa da lamba, takardar gadon da ba a rubuce take ba ita aka goge.

Manoma suka nemi diyya, aka yi ta jan su. Suka tare hanyoyin aikin suka hana motoci wucewa. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka musu, aka yi harbi, aka ƙona gidaje, Birnin Tudu na cikin inda abin ya fi muni. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Wasu rahotanni suka ce sun haura 300. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce abin da ke damun mu. Muna iya jera kakannin Macciɗo har zuwa Shehu ba tare da tuntuɓe ba, albarkacin waƙa. Mutanen da suka mutu shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, a kan gonar gadonsu, ko yawansu ba a daidaita a kai ba, balle a ce ɗan wane. Abin da aka rubuta a kansu, irin na Yusufu Bala Usman da Björn Beckman na Jami'ar Ahmadu Bello, da Turanci yake. Jikan manomin Birnin Tudu sai ya iya Turanci, ya kuma samu shiga ɗakin karatu na jami'a, kafin ya karanta abin da ya sami kakansa.

Ba laifin Ɗanƙwairo ba ne, ba kuma na Sa'idu ba. Ba aikin makaɗin fada ba ne. Kuma gaskiya ita ce manomi ma yana da mai kiran sunansa: gidan su Ɗanƙwairo da kiɗan noma suka soma, inda ake kiran gwarzon manomi da sunan ubansa a gaban gayya har ya ji ba zai iya ajiye garma ba. Bambancin shi ne na'urar ɗaukar murya ta fi zuwa fada da gidan rediyo, ba ta cika bin makaɗi cikin kunya-kunya ba. Abin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa suka tattara a littattafai irin su Makaɗa da Mawaƙan Hausa babban aiki ne, da babu shi da rabin abin da muka faɗa a nan ba mu sani ba. Amma mai tattarawa abin da ya tsira yake tattarawa.

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ɗauki kotso, haka ma gidan Sa'idu Faru. Sarauta ma ba ta bar mu ba. Garuruwan nan uku kowanne ya ba Zamfara gwamna: Ahmad Sani daga Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari daga Mafara a 2011, Bello Muhammad daga Maradun a 2019. Biyu daga cikinsu da sarauta aka fi kiran su, Yarima da Matawalle, har wasu yara ba su san sunayensu na yanka ba.

Abin da ya sauya shi ne ƙauyukan. A 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara, an shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, an kwashe ɗalibai a Ƙaya ta Maradun, Ƙayar nan dai da sarautar ke ɗauke da sunanta. A watan Satumba na shekarar aka rufe layukan waya a jihar, muka koma kan abin da ke cikin memori. Mutane suna ta barin garuruwan kakanninsu suna cika Mafara da Gusau. Yaron da aka haifa a gidan haya a Gusau zai ji sunan ƙauyensu, amma ba zai ga tsamiyar ba. Ko harshen waƙoƙin yana yi masa nisa. Da Zamfarci aka rera su, ana cewa munka da sunka da shina, ana kiran Tsafe Tsahe. Mun ga masu rubuta baitocin a Facebook suna "gyara" su zuwa Hausar Kano, ba su san wani yanki na asalin mawaƙin suke kankarewa ba. Mu dai a jadawalinmu yadda ya faɗa muka bar shi.

Daga baya mun buɗe shafi na biyu, na gidanmu. Muka zauna da wata kakarmu da ruwan Bakalori ya tayar tana matar aure da goyo. Ta jero maza shida a bayan mijinta ba ta numfasa ba, ta haɗa da matan da suka haife su da garuruwan da aka auro su, abin da babu makaɗin da ya taɓa yi mana. Ta faɗi sunan kowace gona a fadama da wanda ya ci gadonta. Da muka tambaye ta shekarar da aka haife ta, sai ta ce shekarar da fara ta cinye gero, bayan an yi wa yayarta aure. Gidan shekara a jadawalin lamba kaɗai yake karɓa. Muka sauya shi ya karɓi magana, muka rubuta yadda ta faɗa.